Sauran Kwana

Motar Xuacu ja ce, in ka kankare laka.
Ƙofar hagu da igiyar hawa muke ɗaure ta,
tsohuwar igiya da ta gama aikinta a dutse
ta dawo gadin ƙofa.
Ciki warin cukun Cabrales da jiƙaƙƙiyar safa,
ƙugiyoyi na kaɗawa a bayan kujera
kamar shanun Sotres sun biyo mu da ƙararrawarsu.

Abin da ban gane ba har yau:
mutumin nan, a jikin Urriellu,
sau uku yake duba ƙulli.
Ya duba nasa, ya duba nawa,
ya ja, ya sake ja, ya ce, Telva, kwance ki sake.
Yini guda ba ya taka inda hannunsa bai shafa ba.
Amma mu sauko,
ya cire kwalkwali, ya riƙe sitiyari,
sai wani ya shiga rigarsa.

Kwana goma sha tara ne a lissafinsa
daga ƙauye zuwa gadar ƙasa,
kowacce ya raɗa mata suna.
Birki, in ji shi, na masu kuɗi ne,
talaka da giya yake tsayawa.
Dama dutse, hagu babu komai,
sai iska, sai kogi can ƙasa kamar zare.
Nel a baya yana rantsuwa da kakarsa,
ni ina taka birkin da babu a gefena
har takalmina ya lotsa ƙasan motar.

Ranar da hazo ya rufe hanya,
a kwana ta goma sha biyu,
saniya.
Tsaye take, tana tuƙa, ba ruwanta.
Duniya ta juya sau ɗaya da rabi.
Da ta tsaya, tayar baya na lilo a kan sarari,
injin ya mutu,
muka ji tsakuwa ta gangara,
muka jira ta sauka,
ba mu ji ba.

Xuacu ne ya fara magana.
Ya ce, wa ya zauna a kan cukun?
Muka fito ta taga ɗaya bayan ɗaya,
muka yi dariya har Nel ya yi amai.
Daga ranar Nel da ƙafa yake sauka,
awa uku, da jakarsa,
in mun wuce shi ko ɗaga kai ba ya yi.

Shekara arba'in ke nan.
Motar tana bayan gidan ƙanwarsa,
kaji na ƙwai a kujerar direba,
ciyawa ta fito ta inda na lotsa.
Nel ya rasu a gadonsa, tagar a buɗe.
Dutse bai ɗauki kowa a cikinmu ba, hanya ma haka,
ba don mun iya ba.
Mai sauran kwana, ko a kwana ba ya ƙarewa.

Jiya na hau da Xuacu.
Idanunsa sun tafi tun bara waccan.
Motata ba ta wari, ba ta ƙara,
kuka take in na matsa kusa da layi.
Yana ƙirga lanƙwasa da kafaɗarsa,
yana kiran kowacce da sunanta:
sauke giya, Telva, taka mana,
ko gawa kika ɗauko?
Ban taka ba.
An sa shingen ƙarfe yanzu, ban gaya masa ba.

Da muka iso wurin saniyar
sai ya yi shiru.
Hannunsa ya lalubo,
yatsun nan da dutse ya karkace,
ya sami bel ɗin da ke ƙirjina,
ya ja.
Ya sake ja.